Ƙafar Jabir

Ranar Talata da la'asar aka sauke Jabir daga bayan a-kori-kura a ƙofar gidansu da ke Aliero, shimfiɗe bisa tsofaffin buhunan albasa. Matarsa Zinatu ta leƙo daga cikin gida, ta ga ƙafarsa ta dama naɗe da farin bandeji tun daga gwiwa har idon sawu, jini ya ɓullo wuri biyu. Yayansa Waliyyu, wanda ya je Gusau ya ɗauko shi, shi ya fara dirowa daga gaban motar, yana gyara zaman hula, yana amsa barka da zuwa sai ka ce daga Makka ya dawo.

Wata takwas ke nan Jabir yana leburanci da kamfanin da ke gyaran tsohon layin dogo a can wajen Gusau. Aikinsu su tone tsakuwa, su zare katakan da suka ruɓe a ƙarƙashin dogo, su jera na kankare, su kawar da tsohon ƙarfe su aza sabo. Mutum goma sha biyu ke cicciɓar ƙarfe guda da manyan awartakai, heluma, wato shugaban lebura, yana ba su murya. Ranar da tsautsayin ya zo, tsakuwa ta kwashe ƙafar na gaba, ƙarfen ya kuɓuce musu ya sauka a ƙaurin Jabir. Ƙashi ya farfashe, ya huda nama ya fito. Kamfani ya kai shi asibiti, likita ya wanke raunin, ya ce jibi za a yi masa aiki a sa ƙarfe ya riƙe ƙashin. Kafin jibin ta zo Waliyyu ya iso, ya dangwala babban yatsa a takardar cewa su ne suka ɗauke majinyacinsu da kansu.

Gidan nan gidan ɗori ne, kuma a Aliero wannan ba ƙaramar magana ba ce. Marigayi mahaifinsu maɗori ne na gaske, har daga ƙetaren iyaka ake kawo masa karaya. Da ya rasu ya bar wa Waliyyu zaure, da ƙoƙon man shanu, da suna. Hannun ne kawai bai bar masa ba. Waliyyu yana iya targaɗe, yana iya mayar da kafaɗar da ta goce, karayar yara kuwa dama Allah ke haɗa ta, shi ya karɓi godiya. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne surutu.

Aka kwantar da Jabir a ɗakin da ke jikin zaure, inda duk mai shigowa zai gan shi.

"Yaya," in ji Jabir, murya ƙasa-ƙasa, "likita ya ce wagga ba irin karayad da anka saba ba ta. Ya ce in ba a wanke cikin raunin kullum, ana iya rasa ƙahwar."

"Likita ya ce," Waliyyu ya maimaita, yana murmushi yana duban waɗanda suka cika zauren. "Ɗan gidanga za a ɗaure da ƙusa kamar ƙyauren shago? Gobe in mutanen Yawuri da Argungu sunka ji ƙanena na kwance asibiti, da wane ido zan dube su? Kai ƙarhe kas sani, ni ƙashi nis sani. Kwana arba'in kana tsaye."

Mahaifiyarsu, Inna Hauwa'u, tana bakin ƙofa. Ba ta faɗin sunan Waliyyu don ɗan fari ne, amma ba a taɓa jin ranar da ta ce ya yi kuskure ba.

"Ka bi maganar ɗan'uwanka," ta ce. "Shi na ubanka yanzu."

Waliyyu ya yanke bandejin da aska ya jefar. Ƙarti biyu suka danne Jabir, shi kuma ya kama diddige ya ja. Zinatu tana bayan katanga, ta ji ƙarar mijinta ta tashi, ta kuma ji ta yanke, don ya suma. Aka laɓta man shanu a kan ɗanyen nama, aka yi tofi, aka jera kara, aka ɗaure da tsumma tamau. Mutanen zaure suka yi ta sa albarka, wani har yana cewa ya ga hannun marigayi.

Kwana uku ƙafar ta kumbura, yatsun suka yi sheƙi. Jabir bai iya cin tuwo, sai kunu, shi ma rabin ludayi. Zinatu ta durƙusa gaban Waliyyu bayan ya dawo masallaci.

"Yaya, ko za a ɗan sassauta ɗaurin? Jikin nai zahi kamar garwashi."

"Zahin ɗori na. Ƙashi na biɗar ɗan'uwa nai. Ke ɗiyar mutanen Kuberi, mi kis sani ga ɗori?"

Ba ta san komai ba, gaskiya ne. Manomiya ce 'yar manoma daga ƙasar Maiyama. Amma ta san nama in ya fara lalacewa, don ta sha gyara kaji. A aljihun rigar aikin Jabir ta tarar da ragowar ƙwayoyin da asibiti suka ba shi, sai ta riƙa jiƙa su a kunu tana ba shi safe da yamma har suka ƙare. Kwana huɗu suka yi.

A rana ta bakwai wari ya fito. Da fari kaɗan-kaɗan, in an ɗaga labule. Zuwa hantsin washegari wani da ya kawo matarsa mai targaɗe ya toshe hanci da bakin rawani, ya tambaya ko ɓera ya mutu a zauren. Kafin azahar Waliyyu ya sa aka ɗauke Jabir zuwa can ƙarshen gida, wani ɗan ɗaki da ke manne da runfar ajiyar albasa. Ya ce wai hayaniyar zaure na hana majinyaci barci. Lokacin kuwa zafi ya kama, albasar ajiya tana ruɓewa, kullum ana tsince ruɓaɓɓun ana zubarwa a gindin katanga. Duk wanda ya yi maganar wari, amsa a shirye take: albasa ce. Wannan dabarar dai, a ba shi ita, ya iya.

Rana ta tara Bulus ya zo. Shi ne heluman su Jabir, mutumin kudancin Kaduna, baƙi kakkaura, ya hau mota uku kafin ya iso. Zinatu ce ta kawo ruwa bakin zaure, ta laɓe ta saurara.

"Malam, ba faɗa na zo ba," in ji Bulus. "Injiniya ne ya aiko ni. Ga takarda, gadonsa yana nan, kamfani ya ɗauki nauyin aikin. Likitan ya ce duk kwanan da aka ƙara, ƙafar ce ke biya. Jabir fa shi muke shirin ba wa ƙungiya ta biyu in an kai gadar gaba. Babu wanda ya kai shi gane katakon da ya mutu."

"Mun gode, mun gode ƙwarai. Yana samun sauƙi."

"To in gan shi mana, ko gaisuwa ce."

"Mai ɗori ba ya ganin baƙi sai ya yi arba'in. Al'adar gidanga ta."

Al'adar da aka haifa a wannan minti ke nan, domin kwana bakwai Jabir ya yi a baje a ɗakin zaure kowa na kallo. Bulus ya daɗe zaune yana juya hularsa ta aiki a hannu. Daga baya ya ajiye takardar bisa tabarma, ya yi sallama. Da yamma Zinatu ta ga takardar a hannun mai ƙosan ƙofar gida, an naɗe ƙosai a ciki.

Ta gaya wa Jabir. Idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun tsage. Can ya ce, "Kin san yadda muka gane katakon da yam mutu? Daga sama sai ki ga lahiya lau, har da sauran kwalta. Sai an buga mai diga. Mai rai na amsawa. Wanda yam mutu, diga shigewa taka yi, ba ƙara." Ya dubi ƙafarsa. "Ɗauko allura ki soka mani ga babban yatsa. Kak ki hwaɗa mani sa'ad da za ki soka."

Ya juya fuska bango. Zinatu ta ɗaga zanen da aka rufe ƙafar da shi. Yatsun sun yi baƙi kamar gawayi, kuma sanyi ƙalau. Ta soka. Ta sake sokawa har rabin allurar ta shige.

"Ina jira," in ji Jabir.

Ta saki allurar. Ya juyo ya ga allurar tsaye a yatsansa, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce ta kira masa Yaya.

Waliyyu ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, bai shiga ba. Ya ce baƙin mugun jini ne ke taruwa zai fita. Ya ce rashin jin zafi alamar sauƙi ce, mutum ya gode wa Allah. Jabir ya roƙe shi don darajar mahaifinsu ya sa shi a mota, yana kuka, namiji mai shekara talatin da ke ɗaga ƙarfen jirgi. Waliyyu ya ce zazzaɓi ne ke magana, ya koma zaure inda mutane ke jiransa.

Zinatu ta je wurin Inna Hauwa'u, ta same ta tana tsince wake.

"Inna, ƙahwar ta mutu. Wallahi na gani da idona."

"Kul, kak ki ƙara hwaɗin hakanga. Baki na yanka. In Allah ya rubuta mutum zai tashi, zai tashi." Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Kuma ki sani, gidanga da sunanga yaka ci. In anka ce mun kasa ga namu, wa za ya kawo muna nai?"

A nan Zinatu ta gane ashe tsohuwar ba jahilci ke damunta ba. Ta sani sarai. Hancinta lafiyarsa lau, ta kuma san bambancin warin albasa da na mutum. Ta dai auna ɗa da zaure ne, zaure ya fi nauyi. Tun daga ranar Zinatu ta tsane ta, tsana irin wadda ba ta buƙatar ɗaga murya.

A wayar Jabir akwai lambar Baba Ya'ƙub, aminin marigayi, tsohon maɗori da ya koma wajen 'ya'yansa a Jega Firchin tun da idonsa ya fara rauni. Zinatu ta shiga bayan runfar albasa ta kira shi. Ba ta yi doguwar magana ba, allurar kawai ta faɗa masa. Washegari da hantsi ya iso bisa babur, da sandarsa. Shi dai ba a isa a ce masa al'ada ta hana ba, don tare da marigayi suka koyi sana'ar. Ya wuce har ɗakin, ya zauna a ƙasa, ya kwance tsumman da hannunsa. Da kara na ƙarshe ya fita, Inna Hauwa'u da ke tsaye bakin ƙofa ta ja da baya har ta taka tire.

Baba Ya'ƙub ya ɗago ya dubi Waliyyu.

"Wa ya koya ma ɗaure ƙashin da yah huda nama?"

"Baba, ai marigayi..."

"Kak ka sa bakin ubanka ciki. Shekara arba'in muna tare, ban taɓa ganin ya aza kara bisa buɗaɗɗen rauni ba. Irin wanga da kai nai yaka biɗo mota, shi raka su asibiti. Sanin abin da ba naka ba, shi na rabin ɗori, kai ko shi ba ka ɗauka ba."

Wani mai kunya da ƙasa zai so ta tsage. Waliyyu kuwa ya waiga, idonsa ya faɗa kan Zinatu, sai ya sami mafita. Ya ga fankon ƙwayoyin a bola tun kwanaki, ya adana shi a ransa don irin wannan rana.

"Ɗori na tahiya daidai, Baba, sai wagga ta riƙa ɗura mai maganin asibiti a ɓoye. Ka san ba a haɗa su. Ita taɓ ɓata aiki."

"Haka na," in ji Inna Hauwa'u da sauri. "Ni ma na ga take-takenta."

Baba Ya'ƙub bai ko kalle su ba, ya ce a nemo mota yanzu. Waliyyu ya ce to. Sai dai ranar an kawo masa ɗan wani attajirin Yawuri da karayar hannu, motoci biyu a ƙofar gida, zaure cike. Ya ce direba ya tafi Jega kai albasa. Da azahar ya ce motar ta lalace a hanya. Da la'asar ya ce yamma ta yi, a bari sai da safe. Baba Ya'ƙub tsoho ne mai ciwon suga, dole ya koma gida. Sai da baƙin Yawuri suka tafi washegari, aka share zaure, sannan motar da ke ajiye a bayan masallaci tun jiya ta warke.

Daga asibitin Jega aka tura su Birnin Kebbi. Jabir bai san wanda ke kansa ba, yana ta kiran sunayen abokan aikinsa, yana cewa a ɗaga tare. Likitar da ta duba shi ta tambayi Zinatu kwana nawa da faruwar abin. Da ta ji, ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta ce da mako guda da ya wuce ne, da an yi ƙoƙarin ceton ƙafar. Da shekaranjiya ne, wataƙila a bar masa gwiwa. Yanzu ransa ake nema. Aka yanke daga tsakiyar cinya.

Waliyyu bai kwana asibitin ko sau ɗaya ba, ya ce majinyata na jiransa. Bulus ne ya dawo, sau biyu. A zuwansa na biyu ya nuna wa Jabir hoton bidiyo a waya: an gama sashensu, an kai gadar, ƙaramin jirgin gwaji yana tafiya sumul bisa sabon dogo, lebura suna ɗaga hannu. Jabir ya gane wurin da ya faɗi, kusa da wata kuka. Ya ce a sake kunna masa. Da ya ƙare ya miƙa wa Bulus wayar, ya tambayi wa aka ba ƙungiya ta biyu, aka faɗa masa, ya ce ya dace.

Bayan mako shida Jabir ya dawo Aliero da sanduna biyu. Ya tarar labarinsa ya riga shi isowa, kuma an gyara shi tsaf. Wai ɗori ya kusa kamawa, saura kwana uku, mace ta ruɗe, aka kwashe shi aka kai wa masu wuƙa. Waliyyu yana faɗar wannan yana girgiza kai, har idonsa na kawo ruwa.

Jabir bai musa wa kowa ba. Da safe yakan dogara sandunansa ya fito ya zauna a dakalin ƙofar gida, inda yake zama tun yana yaro, ya sha iska. Abin da ya rage masa ke nan. Amma mai ɗauke da ɗansa da karyayyen hannu, in ya iso ƙofar maɗori ya tarar da mai ƙafa ɗaya zaune, dole ya yi tambaya. A mako guda mota uku suka juya.

Inna Hauwa'u ce aka aiko, don shi gogan, Waliyyu, bai da fuskar. Ta shigo ɗakinsu da hantsi, ta zauna bakin gado, tana murza bakin mayafi.

"Ɗan'uwanka ya yi shawara mai kyau. Ka ɗan tahi Kuberi wajen su Zinatu ka huta. Can iska ta hi, ga nono."

Jabir ya dube ta. Namiji da gidan ubansa a tsaye, a ce ya koma cin tuwon surukai.

"Har yaushe, Inna?"

"Har ka ƙara jin ƙarhi."

"Ƙahwa ba ta tohowa, Inna. Har yaushe?"

Ta miƙe tana gyara mayafi. "An yi magana da mai mota. Gobe in an sauko sallar asuba, za ya tsaya ta ƙohwar baya, ta wajen runhwa."

Da asuba motar ta zo, ta yi ta jira. Jabir ya ce bai shirya ba. Zinatu ta ɗaure kayansu a zani biyu, ta yi wanka, ta dama kunu, ba gaggawa. Sai da rana ta ɗaga, zaure ya cika har waje, sannan Jabir ya ce wa direba ya zagayo gaba. Ya ce ta ƙofar da aka shigo da shi, ta nan zai fita.

Ya ratso zauren a hankali, sanda, ƙafa, sanda, ƙafar wandonsa ta dama a naɗe an soke da fil. Mutane suka janye ƙafafunsu suna ba shi hanya. Waliyyu yana zaune a kan buzun marigayi, hannunsa cikin ƙoƙon man shanu, gabansa wani Bafulatani riƙe da 'yarsa mai kamar shekara shida, hannunta a karye yana lilo.

"Allah shi kiyaye hanya," in ji Waliyyu, bai ɗago ba. "A gaida mutanen Kuberi."

Bafulatanin ya bi Jabir da kallo har bakin ƙofa, sannan ya juyo ga Zinatu da ke biye da ƙunshi a ka.

"Baiwar Allah, haɗarin mota na?"

"A'a, Baffa. Karaya ta."

"Subhanallahi. Ina anka kai shi ɗori?"

Inna Hauwa'u ta yi gyaran murya daga bayan labule. Zinatu ta ji ta sarai. Shekara shida tana gidan nan ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Waliyyu ba. Ta sauke ƙunshin, ta nuna shi da hannu, yadda na waje ma za su gani.

"Nan anka yi shi. Ga wanda yay yi nan, kuma ƙane nai na, uwa ɗaya uba ɗaya."

Waliyyu ya fiddo hannunsa daga ƙoƙon, mai yana ɗiga, ya miƙa zai kama hannun yarinyar. Uban ya janye ta, ya saɓa ta a kafaɗa, ya fita yana tambayar direban su Jabir ko akwai wurin mutum biyu zuwa asibitin Jega.